Fistan da Matsi: Darussan Haɗa Inji Mai Turbo a Zafin Kebbi

Duk wanda ya shigo gareji a Birnin Kebbi yana son a sa wa motarsa turbo, tambayarsa ta farko kusan ɗaya ce: "Maigida, wane fistan zan saya, mai 8.5 ko mai 9?" Darasin da ya fi ɗaukar lokaci kafin ya zauna mini a kai shi ne, wannan lamba ba a jikin fistan kaɗai take ba. Matsi, wanda muke ce wa kwamfireshan, lissafi ne na inji baki ɗaya. Lambar da ke jikin kwali an fitar da ita ne bisa zaton kan injinka sabo ne fil, bulok ɗinka ba a taɓa fere shi ba, gasket ɗinka kuma daidai yake da wanda kamfanin ya yi gwaji da shi. Injinan da ke hannunmu kuwa yawancinsu 'yan Beljiyam ne, sun yi zafi sau ɗaya ko biyu, sun ratsa hannun makanikai da yawa kafin su iso gare mu.

A fara da dalilin rage matsin. Turbo iska yake cusawa cikin silinda. Idan ya tura rabin ba ("ba" ma'aunin ƙarfin matsin iska ne, bar a Turance), wato kusan psi 7, silinda tana haɗiye iskar da ta kai ɗaya da rabi na abin da ta saba. Fistan ya taso ya matse wannan iska mai yawa, wadda ta riga ta ɗauki zafi, sai zafi da matsi su kai inda cakuɗen fetur da iskar da ke can gefen ɗakin ƙonewa zai fashe da kansa tun wutar fulogi ba ta iso wurinsa ba. Wannan shi ne detoneshan. Kada a haɗa shi da abin da muke nufi idan mun ce inji ya yi nokin, wato metal, shimfiɗar ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kanta, ya cinye. Detoneshan ƙara ce siririya, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, kuma a mota mai babban salansa sau da yawa ba a jin ta sam. Abin da take fara karyawa shi ne ɗan bangon da ke tsakanin ringi na farko da na biyu a jikin fistan, daga nan gasket, daga nan metal. Kamfanonin mota da kansu sun bi wannan hanya ta rage matsi. Injin 2JZ na Toyota marar turbo yana da matsi 10 zuwa 1, wanda aka sabunta daga baya 10.5, amma ɗan'uwansa mai turbo 8.5 aka ba shi, alhali faɗin silinda da tafiyar fistan duk milimita 86 ne a cikinsu biyun.

Lissafin ba shi da wahala, kuma ya kamata kowane yaron gareji ya iya shi a kan takarda. Mu ɗauki 2AZ-FE, injin Camry mai lita 2.4 da ya cika titunanmu. Faɗin silinda milimita 88.5, tafiyar fistan milimita 96. Filin da fistan ke sharewa a silinda guda ya kama cc 590.5. Matsi shi ne a haɗa wannan fili da ɗan filin da ya rage a sama idan fistan ya kai ƙololuwa, sannan a raba da wannan ɗan filin na sama. A injin da ya fito da 9.6, filin sama ya kama cc 68.7. Idan kana son 8.8, raba 590.5 da 7.8 (wato 8.8 a cire 1), ka sami 75.7, wato kana neman ƙarin cc 7. Idan 8.5 kake so, filin ya zama 78.7, ƙarin cc 10 ke nan. Cokalin shayi biyu na ruwa, shi ne duk bambancin da ke tsakanin injin da zai daɗe da wanda zai fasa fistan a hanyar Jega.

Filin saman nan abu huɗu ne suka haɗu suka yi shi: ramin da ke cikin kan inji, kaurin gasket bayan an ɗaure shi, nisan da fistan ya tsaya ƙasa ko sama da fuskar bulok, da kuma kwarmin da ke saman fistan ɗin. Uku na farko a gareji ake auna su, ba a waya ake duba su ba. Ramin kai ana auna shi da sirinji mai lamba. A kifa kan injin ya daidaita, bawul-bawul da fulogi suna ciki, a shafa giris siriri a gefen ramin, a ɗora farantin roba mai garai-garai da aka huda wa rami guda a gefe. A riƙa ɗura ruwan sifirit ko man giyar mota a hankali har kumfar iska ta ƙarshe ta fita ta ramin, a rubuta adadin. Duk huɗun za a auna, domin sukan bambanta. Nisan fistan da fuskar bulok kuma da agogon awo ake duba shi, a daidai saman fin, wato sandar da ke haɗa fistan da kwanrod (hannun da ke riƙe da shi), don kada karkatar fistan ta ruɗe ka. A wannan faɗin silinda, kowane 0.1 na milimita ya fi rabin cc.

Nan ne fere kan inji yake shigowa. Inji ya yi zafi, kai ya lanƙwashe, an kai shi an fere, mai mota ya manta ko ma bai taɓa sani ba. Idan abin da aka cire tsakanin kai da bulok ya kai rabin milimita, ana iya rasa kusan cc 3. Fistan ɗin da aka sayar maka a matsayin 8.8 ya koma 9.1 a cikin injinka, kai kuma kana ƙara wa turbo ƙarfi da zaton kana da sarari. Shi ya sa ake yin odar fistan da adadin kwarminsa a cc, bayan an gama awo, ba kafin nan ba.

Akwai hanyar da ke jan hankalin mai neman sauƙi, kuma ina ganin ita ce ta fi lalata injina: a sa gasket mai kauri, ko a jera guda biyu. A lissafi abin yana fita. Ƙarin milimita 1 yana ba da sama da cc 6, matsin ya sauko kusa da 8.9 ba tare da an taɓa fistan ba. Sai dai akwai wani wuri a gefen fistan, inda fuskarsa mai shimfiɗe take kusantar fuskar kai har ya rage saura kamar milimita 0.9 zuwa 1.1. Idan fistan ya taso da gudu, wannan ƙuncin yana fesa cakuɗen da ke gefe zuwa tsakiya wajen fulogi, ya dama shi, wuta ta ci da sauri, gefen da ya saba fashewa kuma ya huce saboda kusancinsa da ƙarfe. Ka buɗa wannan tazara ta kai milimita 2, damawar ta tafi, cakuɗe ya kwanta a gefe yana jiran zafi. Sai ka ga inji mai 8.9 yana ƙarar tsakuwa fiye da mai 9.3 da aka haɗa daidai. Fistan mai kyau na turbo kwarminsa a tsakiya yake, gefensa a shimfiɗe, don a sami fili ba a rasa wannan ƙunci ba. Haka ma fere saman tsohon fistan a injin sassaƙa: an rage masa kauri a daidai inda wuta ta fi dukansa, kuma an matso da ringi na farko kusa da zafi.

To wace lamba za a nufa? Fetur da yanayi su ke yanke hukunci. Man gidajen manmu yana kusa da 91 ne a ma'aunin RON, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba. Wanda ya ji ana cewa a Amurka ana tafiyar da inji mai 9.5 a kan mai 91 ko 93, ya sani ma'auninsu daban ne: 91 ɗinsu ya kai kamar 95 a namu, 93 ɗinsu kamar 98. Ga kuma man 'yan bumburutu da dole wata rana a sha a hanyar Kamba ko Yawuri, wanda ba wanda zai rantse da abin da ke cikin jarkar. Ga watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, lagireton sanyaya iskar turbo kuma ba zai taɓa sauko da ita ƙasa da zafin gari ba. A ra'ayina, injin da ke fesa mai a bakin bawul, idan za a tsaya tsakanin rabin ba da 0.7, a nemi 8.8 zuwa 9. Idan za a kai ba 1 ko a wuce, a sauka 8.5. Sababbin motocin da ke fitowa da turbo da matsi 10 kai tsaye suke fesa mai cikin silinda, man yana sanyaya ɗakin, don haka ba abin koyi ba ne ga tsohon inji.

Saukowa da yawa ma asara ce. Daga 9.6 zuwa 8.5 ana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfi kafin turbo ya kama. Wanda ya gangara 8 ko ƙasa da haka saboda tsoro zai sami mota mai nauyin tashi a cikin gari, mai shan mai, wadda ba ta farkawa sai an taka ta sosai.

Sai batun ƙarfen fistan. Na kamfani zubi ne, an narka an zuba a mazubi, kuma masu yawan silikon a cikinsu suna da tauri amma gautsi gare su, detoneshan kaɗan ke tsaga su. Na ƙira, wanda aka danna da matsi mai ƙarfi, iri biyu ne a kasuwa, a wurin kamfanoni irin su Wiseco, JE, CP da Mahle. Akwai 4032, mai silikon kusan kashi 12 cikin 100. Ba ya kumbura sosai da zafi, ana haɗa shi da ƙaramar tazara, ba shi da ƙara, ramukan ringinsa suna daɗewa. Akwai 2618, wanda kusan babu silikon a cikinsa. Yana jure duka, yakan lotsa kafin ya fashe, amma yana kumbura fiye da ɗan'uwansa, don haka sai an bar masa sarari, kuma da safe lokacin hunturu za ka ji yana ƙwanƙwasa har inji ya yi ɗumi. Motar da ake zuwa aiki da ita kullum a kan rabin ba, 4032 ya ishe ta. Wadda za a matsa wa fiye da ba 1 da irin manmu, 2618 ne nata.

Tazarar fistan da bangon silinda takan kama wajen milimita 0.05 zuwa 0.07 ga 4032, 0.09 zuwa 0.11 ga 2618 a irin wannan faɗi, amma takardar da ta zo cikin kwalin ita ce da magana ta ƙarshe, har da daidai wurin da za a ɗora maikuromita, ma'aunin kauri, a jikin siket ɗin fistan, wato gefensa na ƙasa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kai bulok wurin masu borin, wato masu faɗaɗa ramin silinda, a Kano ko Sakkwato, ba tare da fistan ba. Mai borin zai yi aikinsa da tazarar da ya saba ba fistan zubi, wadda ta yi wa na ƙira kaɗan. Ranar da inji ya yi zafi na gaske, fistan ya kumbura ya kama bango, ka buɗe ka tarar da zane-zane tsaye a siket. A tura fistan huɗun tare da bulok, kowanne da lambar silindarsa.

Bakin ringi ma haka yake. Zafin turbo yana miƙa ringi, idan bakunansa biyu suka haɗu ba inda za shi, sai ya ɗaga ya ɓalle bangon fistan, mutum ya ɗora laifin a kan mai. Ƙa'idar da ake bi ga motar titi mai turbo ita ce a ninka faɗin silinda da 0.005 ga ringi na farko, 0.0055 ga na biyu. A milimita 88.5, wannan ya ba da 0.44 da 0.49. Na biyu ya fi buɗewa ne don iskar da ta tsere wa na farko ta sami hanya, kada ta taru a tsakani ta ɗaga shi daga mazauninsa. A tura ringi cikin silindarsa da kan fistan don ya zauna daidai, a auna da filageji, siraran ƙarafan awon tazara, a goga gefe guda kawai, daga waje zuwa ciki don kada rufin fuskarsa ya ɓare, a share kaifin bakin.

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar da kaurin fin da nisan tsakiyarsa zuwa saman fistan sun dace da kwanrod ɗin da za a sa. Bayan kaya sun iso, a yi gwajin laka: a manna laka mai laushi a ramukan bawul na fistan, a ɗora kai da tsohon gasket, a saita tayimin, a juya inji da hannu zagaye biyu, a buɗe a yanka lakar a auna. Ana son milimita 2 a bawul na shiga, 2.5 a na fita. A kan da ya sha fira, wannan gwaji wajibi ne. A 2AZ na farko-farko kuma a duba zaren kusoshin kai a cikin bulok da kyau, domin an san su da zamewa, kuma matsin turbo ba zai raga musu ba.

Fistan ba ya gyara ƙarancin mai ko wutar da ta yi gaba da yawa. Ƙwaƙwalwar mota ta asali, wato kwamfutar da ke sarrafa mai da wuta, ba ta san da turbo ba, sai an sake tsara ta ko an sa wata, da nozil da famfon mai da za su iya ciyar da injin. A lokacin da turbo ya cika, ana son iska 11.5 ga fetur 1, kuma da na'urar awon hayaƙi ake ganin haka, ba da kunne ba. A sa fulogi mai sanyi mataki ɗaya, wato wanda ya fi saurin zubar da zafi, a rage bakinsa zuwa milimita 0.7. Gwajin ƙarshe a yi shi da rana tsaka, da man da motar za ta riƙa sha, a giya na uku ko na huɗu. Bayan kowane taku a kwance fulogi a duba farin jikinsa a cikin haske. Ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar barkono alamar detoneshan ce, masu ƙyalli kuwa alminiyon ne daga saman fistan. Da an gan su, a ja wuta baya da digiri 2 kafin a sake hawa titi.