Ƙasar da na zubar

A makon farko da muka fita haƙar kayan tarihi a bayan garin Jos, idona yana kan abu ɗaya: kan mutum-mutumin Nok, wato gumakan yumɓu da wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya ta bari. Na sha tsayawa gabansu a gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, ya buɗe a 1952, kuma na haddace labarin yadda masu haƙar kuza suka fara tono su a 1928. Don haka duk ƙasar da ba ta da tsingaro, sai in kwashe ta a bokiti in watsar.

Rana ta uku malamar da ke jagorantarmu ta leƙo ramina. "Ina baƙar ƙasar da ke wannan kusurwa?" Na ce, "Malama, toka ce kawai, na zubar." Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ɗebo irinta a ramin abokina, ta jiƙa a ruwa, ta motsa. Wasu baƙaƙen ƙwayoyi suka taso, ta tace su da rariya. Ƙonannen hatsi ne. Shi ta zo nema, shi ta yi shekaru tana karantawa.

Daga baya na lura haka manyan ma suke, kowa da abin da ya kai shi rami. Fagg ya bi mutum-mutumi har ya kai Taruga, kusa da Abuja, inda ya tono murhun narka tama. Peter Breunig na jami'ar Frankfurt a Jamus, wanda ya yi aikin fito da daɗaɗɗen kwale-kwalen da aka gano a ƙauyen Dufuna a Yobe a 1994, ya shigo yankin Nok a 2005 da tambayar yadda mutanen suka rayu. Abokiyar aikinsa Katharina Neumann kuwa tsirrai ta sa a gaba, kuma ta wannan hanya aka gane gero da wake suke nomawa. Har kakin zuma an gano a jikin tukwanensu. A ganina wannan ya fi kowane kan gunki kusanto da su gare mu. Mutanen da ke cin gero da wake ai ba baƙi ba ne.

Sauran kwanakin, malama ta ɗora ni kan bokiti da rariya. Na tashi da ƙwayoyi da ba su cika murfin kwalba ba, kowacce da lambar raminta da zurfinta a takarda. Kan Nok dai har yau ban taɓa tono ko kunnensa ba.