Ranar da likita ya ce mu ma a auna mu

Watan jiya muka kai yayana asibiti a nan Yamai bayan da ciwon zuciya ya kayar da shi yana da shekara 49, kuma da ya samu sauƙi sai likitan ya tambaye mu ko wani ya taɓa irin wannan ciwo a gidanmu. Na gaya masa Baba ya rasu farat ɗaya a Tawa bai kai 55 ba. Ya bayyana mana cewa idan ciwon ya kama uba ko ɗan'uwa kafin shekara 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65, haɗarin yakan ƙaru ga sauran 'yan ɗakin, saboda haka ya ce a auna mana hawan jini, sukari da kitsen jini, ya kuma tambaya ko akwai masu shan taba a cikinmu.

Ni da nake ganin lafiyata ƙalau, awo biyu a ranaku daban suka nuna 160 bisa 100, alhali daga 140 bisa 90 ake kiransa hawan jini, kuma ko ciwon kai ba na ji. Ƙanwarmu kuwa har yanzu ta ƙi zuwa, wai tana tsoron abin da za a gano, shi ya sa na roƙi Inna ta yi mata magana gobe.