Kombin Kawu a duwatsun Harz

Tun ba mu bar Hamburg ba na gane Kawu ya yi mini wayo. Ranar da ya kira ni ya ce in shirya mu je duwatsun Harz in ga dusar ƙanƙara ta gaske kafin in koma gida, abu ɗaya na tambaye shi: motar tana da hita? Ya ce, "Tana da ita mana, har biyu." Bai yi ƙarya ba, biyun ne, ɗaya dama ɗaya hagu. Rabonsu da aiki ne bai faɗa mini ba.

Motar Volkswagen Kombi ce ƙirar 1971, irin wadda aka ƙera a Hannover, kamfanin Westfalia ya mayar da cikinta ɗaki: kujerar baya tana miƙewa ta zama gado, ga ɗan teburi, ga kabad, rufinta kuma ana ɗaga shi. A lambarta akwai harafin H, wanda Jamus ke ba motar da ta haura shekara 30 kuma aka kula da ita. Kawu, ƙanin mahaifiyata, bakanike ne a Kaduna zamanin da ake harhaɗa motocin Volkswagen a Legas, a masana'antar da aka buɗe a 1975 kan hanyar Badagry. Bitil da Kombi su ya taso yana kwancewa. Da ya tara ɗan abin hannu a Jamus, maimakon ya sayi mota irin ta mutane, sai ya nemo tsohuwar da ya sani ciki da bai. Ba ya fitar da ita lokacin sanyi, don gishirin da ake watsawa a tituna yana cin ƙarfe. Saboda ni ya karya dokarsa a wannan Janairu.

Mun hau babbar hanyar A7 duhu bai gama washewa ba. Kilomita 85 a awa shi ne iyakar abin da Kawu ke yarda ya nema daga injin, don haka muka shiga layin manyan motoci muka lafe. Kafin mu yi rabin awa yatsun ƙafata sun daina amsa ni. Na kai hannu wurin da iska ke fitowa, na ji wani abu kamar numfashin jariri, shi ma ba ɗumi. Can sai gilashin gaba ya fara rufewa, ta ciki kuwa. Tururin bakinmu ne ke sauka a kansa yana daskarewa. Kawu ya zaro wani tsohon katin banki daga aljihu ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Kankare gefena tukuna, ɗana. Naka ba ya tuƙi."

Ina kankara yana yi mini karatu, da safar hannu biyu-biyu a kan sitiyari. Motar zamani tana da lagireto, ruwan da ya sanyaya inji yana fitowa da zafi, a bi da shi bayan dashbod, fanka ta hura. Wannan ko ɗigon ruwa babu a injinta. Injin ma a baya yake, can ƙarƙashin gadon, kuma iska ce ke sanyaya shi: wata babbar fanka da fambel ke juyawa. Daga iskar fankar nan ake ɗibar kaɗan a tura ta cikin tiyo biyu zuwa wasu tukwanen ƙarfe da suka lulluɓe bututun salansa. Iskar ta shafi bututun ta ɗauki zafinsa, ba tare da ta haɗu da hayaƙin ba, sannan ta wuce ta wasu 'yan ƙofofi da kebur ke buɗewa daga gaban direba, ta shiga wani dogon bututu a ƙarƙashin mota. Tsawon Kombi kusan mita 4 da rabi ne. Wato ana dafa iskar a wutsiya, ana jiran ta a ka, tsakani kuwa sanyin titi na dukan bututun.

"To Kawu, ina ta maƙale?"

"Shi za mu je mu gani."

Ashe tafiyar tana da wata manufa da ba a gaya mini ba. Bayan mun wuce Hannover da Hildesheim muka sauka daga babbar hanya, muka shiga wani ƙauye kafin Goslar, inda wani dattijo Bajamushe da suka taɓa aiki tare da Kawu yake da rumbu mai ramin gyaran mota. Ya ba mu kofi, ya dubi takalmina ya girgiza kai, ya miƙo mini tocila. Ni aka saka riƙon wuta.

Abin da muka tarar a ƙasan motar ya isa ya ba mutum dariya in ba shi ne ya sha sanyin ba. Tiyon da ke kai iska tukunyar hagu, na kwali ne da aka shafe da gwangwani, ya tsage tun daga wuya, iskar tana ta hura wa titi. Kebur ɗin tukunyar dama ya tsinke daidai inda yake kama ƙofar, saboda haka ko Kawu ya ja jan hannun da ke dashbod har ya karye, ƙofar a rufe take. Dogon bututun tsakiya kuma rigarsa ta zube, saura 'yan tsumma suna reto. Da dattijon ya kwance bakinsa ya zura waya, sai ga dunƙulen ciyawa da audugar kujera da ɓawon gyaɗar daji. Ɓera ya yi gida, da alama har ya aurar da 'ya'ya a ciki.

Waɗannan duk aikin awa biyu ne: sabon tiyo, kilif, kebur da giris, da audugar rufi da aka naɗe bututun da ita aka ɗaure. Inda dattijon ya daɗe shi ne kan tukwanen kansu. Ya ƙwanƙwasa su da gindin sukundireba yana saurare, ya bi kowace gaɓa da tocila, ya sa Kawu ya tayar da inji ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci yana neman inda hayaƙi zai tsirto. Dalili kuwa, in tsatsa ta huda bututun da ke cikin tukunyar, hayaƙi zai bi iskar ɗumin kai tsaye zuwa hancin direba. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai wadda ke kwantar da iyali guda a gida in an shigar da janareta ko kaskon gawayi ɗaki aka rufe ƙofa. Tukwanen Kawu sun tsira, na asali ne masu nauyi. Dattijon ya ce irin na yanzu marasa tsada haƙarƙarin da ke cikinsu kaɗan ne, ba sa kama zafi kamar waɗannan. Duk da haka bai bar mu mun tafi ba sai da ya manna wata 'yar na'ura mai batir a bayan kujerar direba, wadda ke ihu in ta shaƙi gubar.

Sai kuma ya haska ƙarƙashin silinda na dama, ya yi wata magana da Jamusanci yana nuna wani wuri da ba komai a cikinsa. Na ga Kawu ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya har yana dafa taya.

A wurin ya kamata a ce akwai tamostat, wani ɗan gwangwani mai lanƙwasa-lanƙwasa kamar zugazugin maƙeri. In inji ya yi sanyi yana tsukewa, ya ja wani sanda ya rufe fukafukan da ke gidan fanka, don injin ya yi saurin ɗaukar zafi. In ya ɗumama ya kumbura ya buɗe su. Wani mai motar na baya ya cire shi, ya ɗaure sandan da waya a buɗe. Injin Kawu tun safe yake shan iskar ƙanƙara ba shamaki.

"Ɗana, ka san ko nawa na cire irin wannan da hannuna? Duk motar da ta shigo garejinmu shi muke fara fizgewa, mu ce yana shaƙe inji. Tukwanen ma yanke su muke yi mu sa miƙaƙƙen bututu. Wa zai kunna hita a Kaduna?"

A ganina ba su yi wauta can ba, ko da yake dattijon ya dage cewa ko a ƙasa mai zafi inji yana son ya ɗumama da wuri. Ya shiga ciki ya dawo da wani tsoho a cikin gwangwanin biskit, suka ɗaura.

Goslar ba mu ba ta haƙƙinta ba. Mun ratsa ta gefen tsohon garin mai gidajen katako da rufin baƙin dutse, na hango tudun Rammelsberg inda aka shafe fiye da shekara 1000 ana haƙar ma'adinai kafin a rufe a 1988, muka wuce Bad Harzburg. Daga nan hanyar B4 ta miƙe sama. Kawu ya sauko giya uku, injin ya ɗauki kuka, dusar ƙanƙara ta fara bayyana a gefen titi, farko tsilli-tsilli, daga baya ta rufe komai. A nan ne na ji shi. Ya fara ta idon sawu, wani ɗumi mai warin ƙura da tsohon man inji. Ƙanƙarar gilashi ta narke daga ƙasa, ta yi baka biyu, suna ta faɗi har suka haɗu a tsakiya. Na mayar wa Kawu katinsa. Kafin mu kai Torfhaus na cire takalmi na ɗora ƙafa a bakin bututun, yatsuna suna zugi kamar an watsa musu barkono.

Torfhaus tana kan tudu mai kimanin mita 800, kuma daga nan ake kallon Brocken, mafi tsawon duwatsun Harz, mita 1141, da dogon eriya a kansa. Kawu ya ce lokacin da ya fara zuwa nan kallo kawai ake yi, don iyakar Jamus ta Yamma da ta Gabas ta ratsa tsakanin inda muke tsaye da dutsen, samansa kuma sojoji ne da na'urorin sauraro. Sai a Disambar 1989 aka buɗe wa mutane. Ƙarfe 4 da rabi rana ta faɗi. Muka yi alwala da ruwan filas muka yi Magariba a cikin mota, ɗaya bayan ɗaya, don wurin ba ya ɗaukar sahu.

Gangarowa Braunlage na koyi sauran karatun. Kawu ya ɗage ƙafa daga totur, ba a fi minti biyar ba ɗumin ya janye. Fanka na juyawa, iska na zuwa, amma mai kaɗan ake ƙonawa, salansa ta huce. Hitar Kombi sai injin yana wahala take aiki. Na mayar da takalmina ban ce komai ba.

Da dare kuwa, inji a kashe, babu ita sam. Masu hali tun a wancan zamani sukan sa wata hita daban mai shan fetur, ta kamfanin Eberspächer, amma ta Kawu ba ta zo da ita ba. Na kawo shawarar mu bar murhun gas yana ci kaɗan-kaɗan, ya yi mini wani kallo ya nuna na'urar dattijo da baki. A sansanin masu kwana a mota muka ja wayar lantarki muka jona wata 'yar hita mai fanka, muka bar rufin a sauke don gefensa tanti ne, muka rataya bargo tsakanin kujerun gaba da gado.

Da Asuba ƙanƙara ta yi zane kamar ganye a gilasan gefe. Kawu na zaune cikin bargo da kofin shayi, yana lissafa abin da ya rage: robar ƙofofi da ta bushe, ramukan da ke gindin feda inda iska ke shigowa, wataƙila da ƙaramar fankar lantarki a cikin bututun tsakiya don ta taimaka a gangara. Can ya ajiye kofin.

"In ka koma, ka shiga Panteka ka duba mini. Ka tambayi tsofaffin, ka da ka tsaya wurin yara. A buhu muke zuba su a bayan gareji, ba mamaki wani bai narkar ba."

Ya yagi gefen kwalin shayi ya zana mini tamostat ɗin, da lanƙwasarsa da sandansa, ya rubuta adadin da yake so a ƙasa: 3.