Kayan ɗaki da albashin amarya

Ƙanwata za ta yi aure bayan sallah, malamar firamare ce, kuma wallahi tun bara take zuba adashe da albashinta don ta rage wa Baba nauyin kayan ɗaki, gado da kujeru da firij har tukunyar gas, abin da a da iyaye kaɗai ke ɗauka. Shi kuma angon ana ta masa lissafin lefe akwati shida, alhali mafi ƙarancin sadaki a Malikiyya rubu'in dinari ne.

Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Jiya Inna ta zaunar da ita tana ta "ki yi haƙuri, ki yi biyayya", na yarda da wannan, amma fa ba wanda ya zaunar da shi ya ce yarinyar nan ƙarfe bakwai take fita aiki, in ta dawo a gajiye ko ɗibar ruwa ka taya ta. Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa aikin gida, Nana A'isha ce ta faɗa. Na roƙi Kawu ya masa magana kafin ɗaurin aure, ya ce zai kira shi ranar Juma'a.