Wandon da Na Shanya a Gwoza

Har yau in na ga igiyar shanya sai gabana ya faɗi.

Ranar 6 ga Agusta 2014 yaran Boko Haram suka shigo Gwoza, kuma maza suka fara nema. Wanda ya samu hanya ya haye Dutsen Mandara, har da maigidana. Babban ɗana zazzaɓi ya hana shi hawan dutse, sai na tona rami a ɗakin awaki, na rufe da kwano da kara, na sa shi ciki.

Mu mata muka zama kamar kayan ɗaki. Ba ki leƙa ƙofar gida sai da hijabi har ƙasa da niƙabi, in ba haka ba bulala. Su tara mu karatu, su ce mazajenmu da suka gudu arna ne, aurenmu ya mutu. Mai budurwa a gida kuwa ba ta barci.

Wata huɗu ina kiyaye komai. Tuwo na mutum biyu nake tuƙawa, in raba uku. Takalminsa na binne. In ya yi tari, ni ma sai in kama tari da ƙarfi. Sai ranar da ƙuraje suka cinye masa cinya, ya ce, "Inna, ki taimaka ki wanke min wandon nan." Na wanke. Maimakon in shanya a ɗaki, hannuna ya kai shi igiyar tsakar gida, kamar yadda na saba shekara da shekaru. Wanda ya hango shi ta kan katanga yaron unguwarmu ne, wanda ya sha cin tuwona. Kafin la'asar sun fito da ɗana. Bulalar da suka yi min ban ji ta ba.

'Yar'uwa, in Allah ya jarrabe ki da irin wannan, ki ji tsoron sabo fiye da baki. Kada tufar namiji ta ga rana. Kuma kada ki jira, da zarar ya samu sauƙi ki sa masa hijabi ki fitar da shi da dare, wasu matan haka suka yi suka tsira da nasu. Ni na tsaya jiran sojoji.

Sun zo ranar 27 ga Maris 2015. Na bi sansanoni a Maiduguri da Yola ina cigiya. Wandon yana cikin akwatina.