Motocin Kwamfuta Ba Sa Fakin a Bakin Titi

Aikin da aka ba mu shi ne mu faɗi abin da zai faru da titunan da ke kewaye da wata tsohuwar unguwar masana'antu idan aka rushe rumbunan ajiyarta aka gina gidaje da ofisoshi da kantuna. Masu zuba jari na neman amincewar hukumar tsara birni, ita kuwa hukuma ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ga shaidar cewa mahaɗun hanyoyin za su ɗauki motocin da za su ƙaru. Shi ya sa aka nemi kwaikwayon zirga-zirga na dalla-dalla, irin wanda kwamfuta ke ƙirƙiro kowace mota da direbanta, ta bi ta daga shigarta har fitarta, tana sake lissafin inda take har sau goma a daƙiƙa guda. Da manhajar VISSIM ta kamfanin PTV da ke Karlsruhe a Jamus muka yi aikin. Aimsun ma za ta iya, haka SUMO da cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta sake kyauta. Zaɓen manhaja bai ɗauke mu wani dogon tunani ba, haka zana titunan a kan hoton sama aikin haƙuri ne kawai.

Wahalar ta fara ne daga ƙidaya. Muka sa kyamarori a mahaɗu, aka ƙirga motocin da suka miƙe, da waɗanda suka yi dama, da waɗanda suka yi hagu, kowane minti 15. Amma kyamarar da ke kan danja motar da ta samu ta wuce kawai take gani. Wadda ke can baya cikin jerin gwano tana jira ba ta cikin lissafi. A mahaɗar da ta riga ta cika, adadin da ka ƙirga ƙarfin mahaɗar ne, ba yawan masu son wucewa ba ne. Idan ka zuba wannan adadi a kwamfuta yadda yake, sai ka ga titi sumul, motoci na tafiya salin-alin, alhali mutanen wurin sun san yadda suke shan zama kowace safiya. Dole ta sa muka tura mutane su riƙa rubuta tsawon layi, muka ƙara motocin da ke jira a kan waɗanda suka wuce.

Daga nan sai saitin direbobi, kuma a nan na fi daɗewa. Direban VISSIM yana bin na gabansa ne bisa tsarin da Rainer Wiedemann ya fitar a 1974: yana matsowa, in ya ji ya yi kusa ya sassauta, in ya ga tazara ta buɗe ya ƙara wuta. Lambobin da manhajar ta zo da su daga direbobin wani wuri aka samo su, ba lalle su dace da naka ba. Sai na zauna da bidiyon babbar mahaɗar, ina jira a saki koren wuta, in bar motoci huɗun farko su wuce saboda su ne masu nawar tashi, sannan in riƙa auna tazarar da ke tsakanin bayan wannan mota da bayan waccan. Aiki ne mai gundura, amma ga dalilinsa. In tazarar daƙiƙa 2 ce, layi ɗaya zai fitar da mota 1,800 a awa guda ta koren wuta. In koren na daƙiƙa 30 ne a cikin zagaye na daƙiƙa 90, kashi ɗaya cikin uku ke nan, mota 600. To ɗauka tazarar gaskiya 2.2 ce. Adadin ya sauko zuwa kusan 545. Mota 55 ke nan za su maƙale a kowace awa, kuma in kowace ta ci mita 6, layi ya ƙaru da mita 330. Wannan ɗan bambancin da ido ba ya gani ya isa ya toshe mahaɗar da ke baya, ita ma ta toshe ta bayanta.

Ko da tazara ta daidaita, lokacin tafiya a wani gajeren titi mai kantuna ya ƙi zuwa daidai. Motocin kwamfuta na ratsa shi da sauri fiye da na gaske, na juya saiti ta kowace fuska abin ya ƙi. Sai da na je na tsaya a bakin titin. Motar kaya ta zo ta tsaya a layin gefe, ta kunna fitilun tsayawa, direba ya buɗe baya yana sauke kwali. Titi mai layi biyu ya koma mai layi ɗaya na tsawon mintuna. Tana tashi, wani ya tsaya ya sauke fasinja. Bas ta zo ta tarar an tare mata tasha, ta tsaya a tsakiyar hanya. Masu tafiya a ƙasa kuwa, inda suka ga dama nan suke tsallakawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da direban kwamfuta zai yi don kansa, shi mai biyayya ne har abin ya yi yawa. Sai ka koya masa karya doka da hannunka: ka ƙirƙiri wurin tsayawa a cikin layi, ka ba shi yawan masu tsayawa da daɗewarsu kamar yadda ka auna.

Akwai ma'aunin da ake gwada samfuri da shi, wato kwaikwayon da aka gina a kwamfuta, ana ce masa GEH, daga sunan Geoffrey Havers da ya ƙirƙiro shi a Landan a shekarun 1970. Amfaninsa yana la'akari da girman hanya: in an ƙirga 1,000 samfuri ya ba da 1,100, sakamakon kusan 3 ne, ya ci jarrabawa, in an ƙirga 100 ya ba da 200, ya haura 8, ya faɗi. Ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta Birtaniya, wadda ake aro a ƙasashe da yawa, ita ce a samu ƙasa da 5 a fiye da kashi 85 cikin 100 na wuraren ƙidaya, lokacin tafiya kuma kada ya kauce da fiye da kashi 15 ko minti guda. Mun cika sharaɗin. Sai dai ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba, don manhaja na da dabarar da za ta yi ta gyara teburin inda motoci suka fito da inda za su har ya yi daidai da ƙidaya, ko da ta hanyar ƙirƙiro tafiye-tafiyen da ba mai hankalin da zai yi su. Teburi goma mabambanta na iya cin wannan jarrabawa, kowanne kuma ya ba ka amsa dabam ranar da ka rufe titi ɗaya.

Duk wannan fa hoton yau ne. Abin da aka biya mu dominsa shi ne gobe, unguwar da ko tubali ɗaya ba a ɗora ba. Mota nawa gida ɗaya zai fitar da safe? Ana ɗauko amsar daga kundin alƙaluma irin TRICS na Birtaniya ko na ƙungiyar injiniyoyin sufuri ta Amurka, ITE, inda aka tara ƙidayar wasu gine-gine a wasu wurare. Ka zaɓi misalan bayan gari inda kowa ke da mota, adadi ya yi sama. Ka zaɓi na kusa da tashar jirgin ƙasa, ya yi ƙasa. Mai zuba jari ya san wanda yake so, mai adawa da aikin ma ya san nasa. Mu da muka ɓata makonni a kan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, ga mu muna ɗora komai a kan adadin da zaɓin mutum ɗaya zai iya ɗaga shi ko ya sauke shi nesa ba kusa ba.

Sannan samfurin yana ɗauka cewa wanda ya yi niyyar fita da mota ƙarfe takwas zai fita ko da sama da ƙasa za su haɗe. Mutane ba haka suke ba: wani ya sake lokaci, wani ya sake hanya, wani ya hau bas, wani ya fasa. Tun 1994 kwamitin SACTRA, wanda ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan manyan hanyoyi a lokacin, ya tabbatar cewa sabuwar hanya kan haifo sababbin tafiye-tafiye. Akasin haka ma na faruwa. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe gadar sama ta Cheonggyecheon daga 2003, ya inganta tsarin bas, ya buɗe rafin da ke ƙarƙashinta a 2005, kuma tsayawar da aka ji tsoron birnin zai yi cak ba ta zo ba. Kwaikwayo mai ƙayyadadden adadin motoci ba zai taɓa hango irin wannan ba.

Wani tarkon kuma yana bakin iyaka. In layi ya yi tsawo har ya kai ƙarshen titin da ka zana, sauran motocin ba sa samun shiga. Manhaja tana rubuta adadinsu a wani fayil na gargaɗi da mutane da yawa ba sa buɗewa, su kuwa ba sa bayyana a allo, kuma jinkirinsu na iya faɗuwa daga lissafi. Cikin zaɓuɓɓukan gyaran hanya da muka gwada, wani da ya fi kowanne kyau a sakamakonmu na farko, da na duba fayil ɗin sai na ga sirrinsa: ya bar motoci a waje ne. Muka tsawaita titunan shiga, muka sake gudanarwa, ya koma na baya. Kowane zaɓi kuma sai an maimaita shi da lambobin ƙuri'a dabam-dabam, waɗanda ke sauya yadda motoci ke isowa a kowane gudu, a ɗauki matsakaici, domin kusa da cika, gudu ɗaya ya tafi lafiya, na biyu ya cushe.

Ranar gabatarwa muka haska bidiyon kwaikwayon, da bishiyoyi da inuwa da bas masu launi. An ce gani ya kori ji, kuma a ɗakin nan ya kori karatu ma, don ba wanda ya ƙara waiwayar rahoton. Shugaban kwamitin hukumar ya ce, "Injiniya, ke nan haka titin zai kasance?" Na ce, "Ranka ya daɗe, haka zai kasance in mazauna sabuwar unguwar sun yi abin da muka zata musu. Bari in nuna maka in ba su yi ba." Sai na saka na biyu, mai adadin sama, inda layi ya kai har shataletale. Ɗaki ya yi tsit, wakilin masu zuba jari bai ji daɗi ba, amma daga nan aka fara magana a kan abin da ya kamata: yawan wuraren fakin da za a yarda a gina, da ko bas za ta fara shiga unguwar kafin mutane su tare ko sai bayan sun saba da motocinsu.

A ƙarshe ba a faɗaɗa babbar mahaɗar ba. An amince da wurin sauke kaya a wajen layin tafiya a titin nan mai kantuna, da sake rabon koren wuta, da rage wuraren fakin. Hukuma ta kuma sa sharaɗi cewa bayan an tare a kashin farko na gidajen za a sake ƙidaya a mahaɗun, a sabunta samfurin da adadin da aka gani, kafin a ba da izinin kashi na biyu.