Albarushinsu Iska Ce

Kwana uku da dawowata gida hutu, bayan la'asar, Kawu ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi a zaure yana goge bindigarsa ta toka da tsumma, wadda tun ina ƙarami nake ganinta rataye a bango. Shi ya gaji kakanmu a farauta, kuma har gobe in aka ce maharbi a ƙauyenmu, can hanyar Kafin Hausa in ka baro Hadejia, shi ake nufi. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗan nan, an nuna mini hotonka a waya riƙe da bindiga, aka ce wai ba ta cin albarushi. To me take ci?"

Na ce, "Iska take ci, Kawu."

Ya ajiye tsumman, ya gyara zama. Ƙanena da ɗan Kawu, wanda ke faci a bakin titi, suka matso. Abin da na faɗa musu a ranar shi nake so in rubuta, domin tun da hoton nan ya zagaya mutane ke tambayata.

A ƙarshen 2022 na sauka Ingila, aikin kula da tsofaffi ya kai ni. Ba Landan aka kai ni ba, wani ƙauye ne a yankin Lincolnshire, ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar fadamarmu, magudanan ruwa ko'ina, gonakin alkama da dankalin turawa da kabeji iya ganinka. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ka dawo aiki cikin duhu, ka fita cikin duhu. Maƙwabci ya ɗaga maka hannu ya wuce, ba ina gajiya, ba ina iyali. Juma'a sai na shiga mota biyu kafin in samu jam'i. Watannin farko na ji kaɗaici irin wanda ban taɓa sanin akwai shi ba, kuma ban gaya wa kowa a gida ba, don kada hankalin Inna ya tashi.

Ɗakin da nake haya na wani dattijo ne manomi. Ran nan na je biyan kuɗin haya na same shi a bakin rumbunsa, wani makeken ɗakin kwano da yake zuba alkama. Idona ya kai kan kashin ɓera a gindin ƙofa, da wata 'yar hanya da ta kwanta cikin ciyawa ta nufi magudana. Na ce masa waɗannan manya ne, daga ruwa suke fitowa, kuma ga inda suke bi. Ya tsaya ya dube ni sosai, karo na farko tun zuwana. Ya ce a ina na san wannan? Na ce gidanmu gidan noma ne da farauta. A ranar ya shigar da ni kicin ya haɗa mini shayi, muka yi awa biyu muna hirar gero da shinkafa da jan baki, tsuntsun nan da ke sauka wa manomanmu kamar hadari. Kafin in tafi ya ɗauko bindigarsa ta iska ya nuna mini.

A Ingila da Wales, bindigar iska da ƙarfinta bai wuce jul 16 ba (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi) ba ta bukatar lasisi, amma sai ka kai shekara 18 kafin a sayar maka. A Scotland kuwa sai da takarda. Sannan ba a shiga gonar mutum da ita sai da izininsa, yin haka babban laifi ne, kuma ko ƙwayar darmarka ce ta tsallaka gonar maƙwabci ka karya doka. Dattijon ya rubuta mini izini ya sa hannu, takardar tana cikin jakar bindigar har yau. Ɓera, zomo, da kuregen bishiya mai ruwan toka, su ne aikina. Ba a harbi daga nesa, mita 25 zuwa 30 ne, kuma a kai ake saiti don kada dabba ta wahala.

Bindigar iska iri-iri ce. Akwai wadda ake karyawa a matse sifirin kafin kowane harbi. Akwai kuma wadda suke kira PCP, irin wadda na saya hannu na biyu, mai 'yar tukunya doguwa a ƙarƙashin hanci. A ciki ake ɗura iska a matse, duk sanda ka ja kunama sai bawul ya saki kaɗan ta tura darma. Ba ta dukan kafaɗa, ƙararta ba ta kai ta bindigar albarushi ba, ɗuri ɗaya yana ba ni harbi wajen 70. Matsalarta ɗaya ce, ɗurin.

Nan ɗan Kawu ya ce, "Yaya, ai wannan mai sauƙi ne. Ka kawo ta shago in buga mata iska."

Na tambaye shi geji nawa yake sa wa tayar mota. Ya ce 35 ko 40. Na ce injinka fa, ina yake tsayawa? Ya ce ɗari da 'yan kai. Na ce to tukunyar bindigata tana son bar 200 a ma'auninsu, wato kusan 2,900 a naka gejin. Akwai masu cin bar 300, kusan 4,350 ke nan. Injin faci ko ya kwana yana gurnani ba zai kai kusa ba. Ya yi shiru yana lissafi.

Hanya uku ce ake ɗura mata iska. Ta farko famfon hannu, kamar na keke a ido, amma a ciki yana matse iskar hawa-hawa. Da shi na fara don shi ne mai araha. Bugun farko da sauƙi, amma da allurar geji ta haura bar 150 sai ka ɗora nauyin jikinka duka, kuma sai ka yi sama da bugu 100 kafin ta cika, kana hutawa don kada famfon ya yi zafi. Mutumin da ya wuni awa 12 a tsaye yana ɗaga tsofaffi yana kwantarwa, ya dawo ya kama wannan, hannunsa rawa yake yi lokacin saiti. Ta biyu tukunyar masu nutso a teku, mai lita 7 ko 12, a cika maka ita a shago, ka riƙa ɗiba kana zuba wa bindiga. Iskarta busasshiya ce, tsaf. Sai dai shagon yana da nisa, a lokacin ba ni da mota, kuma dole a riƙa kai tukunyar gwaji duk bayan wasu shekaru, in ba haka ba babu mai cika maka. Ta uku ita ce ka sayi naka injin matsa iska.

Na shiga intanet na zaɓi mafi arha, babu wanda na yi wa shawara. Ƙato ne, mai nauyi, irin wanda ake sa wa mai a ciki, kuma sai ka ajiye bokitin ruwa a gefe da ɗan famfo yana zagaya ruwan don ya sanyaya kan injin. Yana da sauri, cikin minti ɗaya ko biyu bindiga ta cika, amma ƙararsa kamar injin niƙa, a gidan da bango ɗaya ya raba ni da mai aikin dare. Matatar da ya zo da ita 'yar auduga ce kamar guntun sigari. Ban damu ba, tunda allura tana hawa.

Bayan wata bakwai bindiga ta fara zubar da iska. Ka cika da dare, da safe ta sauka. Dattijon ya sa ni a motarsa ya kai ni wurin mai gyaran bindiga. Mutumin ya sauke iskar duka, ya kwance tukunyar, ya haska ƙaramar tocila a ciki ya ce in leƙa. Na ga tsatsa ja ta bi ƙasan tukunyar a tsaye, kamar sawun ruwa a jikin tsohuwar randa. Ya karkata ta a kan farar takarda, sai ga ɗigon ruwa biyu masu launin shayi. Ya ce, "Ruwa kake ɗura mata."

A nan na fahimci abin. Iskar da muke shaƙa akwai ruwa a cikinta, balle a ƙasar da yayyafi ba ya yankewa. In ka matse iska ninki 200, ba ta iya riƙe ruwan nan, sai ya fito ya zama ɗigo. Tana fitowa daga inji da zafi, ta shiga tukunya ta huce, ruwan ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe a ɓoye. Tukunyar da tsatsa ta ci, ga matsi irin wannan a cikinta, kuma a hannunka take kusa da fuskarka. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ya ce tawa ba ta kai ga lalacewa ba, ya goge, ya canza zoben roba, kuɗin gyaran ya kusa rabin kuɗin injin.

Sa'annan na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na bi dattijon zuwa ƙungiyarsu ta masu harbin saiti, inda suke haɗuwa ran Lahadi a wata gona. Na ce musu ban sani ba, a koya mini. Mutanen da nake ganin ba sa magana, ashe jira suke a tambaye su. Wannan ya buɗe but ɗin motarsa ya nuna mini nasa, wancan ya ce a'a zo ka ga nawa. Ranar na dawo da lambar waya biyar.

Abu na farko da suka sa na tambayi kaina shi ne, me zan cika? In bindiga ce kai tsaye, ƙaramin inji ya isa, irin mai fanka wanda ba ya bukatar mai ko bokitin ruwa, ana ɗauka da hannu ɗaya. In babbar tukunya ce mai lita 12, ƙaramin nan ba zai iya ba, zai yi ta aiki har ya ƙone, wannan aikin manyan injuna ne masu tsada. Zafi ne ke kashe su duka, kamar injin ban ruwa da aka bari babu ruwa. Don haka a nemi mai nuna zafi, a bar fanka ta ci gaba da juyawa bayan an gama, kuma kada a wuce mintunan da aka rubuta masa. Sai mai tsayawa da kansa: ka saita allura a inda bindigarka ta tsaya, da ya kai ya mutu. Kowace bindiga an buga iyakarta a jikinta, kuma ƙara mata ba ya ƙara ƙarfi, wasu ma bawul ɗinsu ƙin buɗuwa yake yi. Wani tsohon makaniki a cikinsu ya ce kada in sayi injin da ba a sayar da zoben robarsa da fistin ɗinsa daban, domin dukansu sai sun ci roba. Na tuna yadda mutanenmu ke zaɓar babur, sai wanda kayansa ke kasuwa.

Matata kuwa, ita ce na fi kashe wa kuɗi da gangan. Na sayi babba daban, bututun ƙarfe da ake haɗawa tsakanin inji da bindiga, a tsaye, cike da ƙwayoyi masu shan danshi. Wasu daga cikinsu launin ruwan lemo gare su, in sun ƙoshi da ruwa sai su koma kore, ka san lokacin canji ya yi. Kafin a cire tiyo kuma dole a buɗe ɗan bawul ɗin sauke iska, ya yi tsaki ya fitar da feshin ruwa. Wanda ya fizge tiyo da matsi a ciki, tiyon zai iya yi masa bulala a fuska.

Wanda nake da shi yanzu ƙarami ne, yana aiki da wutar gida, yana kuma aiki da batirin mota mai bolt 12, muddin motar tana kunne. Minti kaɗan ya cika mini bindiga. Ya fi na farko tsada, ya fi shi jinkiri, shekara guda ke nan da aka sake leƙa tukunyar ba a ga komai ba.

Ƙanena ya ce to a nan gida fa? Na ce da hunturu iskarmu busasshiya ce, amma ƙura za ta cinye inji in ba a tace ta ba. A watan Afrilu da zafi ke haura 40, sai dai a yi ɗuri da asuba. Ƙaton nan mai bokiti ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Kuma kafin duk wannan, a dokar Najeriya bindigar iska ma sai da lasisin 'yan sanda, ba abin da za a cusa a akwati a hau jirgi ba ne. Shi ya sa hoto kawai na kawo.

Ɗan Kawu ya ce, "Tukunyar masu walda fa, Yaya? Ai tana da matsi sosai."

Na riƙe hannunsa na ce ya saurare ni da kyau, ya kuma gaya wa duk wanda ya ji yana wannan tunani. Abin da ke cikin tukunyar walda iskar oksijin ce zalla. In ta haɗu da ɗigon mai ko giris a wannan matsi, wuta take kamawa nan take, tukunyar ta tarwatse a hannun mai ita. Ko baƙin mai ba a shafa wa bakin ɗurin bindigar nan, sai wani man silikon da aka yi domin haka.

Duk wannan Kawu bai ce uffan ba. Sai ya miƙa hannu bayan tabarma ya jawo ƙahon da yake zuba albarushi, bakinsa a toshe da tsumma da fata. Ya ce, "Kakanka in damina ta faɗi, a saman murhu yake rataye wannan, nesa da wuta, inda ɗumi ke kaiwa. Ranar da ya yi sanyi, ka ja kunama ta yi maka tari, gada ta tafi." Ya juya ƙahon a hannunsa. "Waɗannan ƙwayoyin naka masu shan ruwa, in an ajiye su kusa da wannan, za su yi?"

Na tuna akwai 'yan ƙullinsu a cikin kwalin takalmin da na kawo wa Inna. Na aiki ƙanena ya ɗauko. Kawu ya karɓi ɗaya, ya kai kunne ya girgiza, ya ce a samo masa gwangwani mai murfi da ƙahon zai shiga.